Kwana Huɗu a Tamanrasat

Ni ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne daga Ollelewa, cikin gundumar Tanut, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne awo da lissafi, ko da yake na zauna lakwal har na iya karanta takardar hukuma ba tare da neman tafinta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar da wani yaro ɗan ƙanena ya buga mini kwanan baya daga ƙasar waje. Ya ce: «Baba, kwanakin bizata sun ƙare, na nemi ƙari ba su amsa ba tukuna, ga shi kuma ina so in taho gida. In tafi ko in jira?» Na yi shiru har ya zaci waya ta yanke. Tambayar da ya yi mini ita ce wadda na yi wa kaina a garin Tamanrasat cikin watan Disamba na 1 ga shekarun da ba na mantawa, wato 2017, kuma amsar da na ba kaina a lokacin har gobe ina biyan kuɗinta.

Mu mutanen Damargu tafiya arewa ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Tun kafin zuwan Nasara ayarin da ke fitowa daga Tarabulus ya biyo Gat da Agadas, ta ƙasarmu yake ratsawa kafin ya isa Damagaram da Kano, kuma da geronmu Abzinawa suke cika buhunansu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ta Damargu ya biyo a watan Janairu na 1851. A wancan zamani takardar baƙo ita ce madugun da ya zo da shi da mai masaukin da ya karɓe shi. In sun tsaya masa, ya zauna lafiya, in sun janye hannu, ya ɗaure kayansa. Yau hanyar tana nan, kwalta ce daga Damagaram ta bi Bakin Birji da Tanut zuwa Agadas, amma madugu ya zama ɗan littafi mai hoto, mai masauki kuwa ya zama hatimi mai kwanan wata. Bambancin da ke tsakani shi ne, madugu yana jin magana, hatimi kuwa ba ya ji.

Cinikin da ya kai ni Aljeriya shi ne cinikin musanya, wanda hukumomin can suka yarda da shi tun shekaru da dama tsakanin jihohinsu na kudu da ƙasashen Nijar da Mali. Mu muna kai dabbobi da lalle da kayan yaji da gyaɗa, su kuma suna ba mu busasshen dabino da gishiri da barguna da sauran abin da doka ta lissafa. A kakar 2017 na haɗa hannu da wani abokin ciniki na can, na tura masa raguna da buhunan barkono, bisa alkawarin zai biya ni da dabinon da ake saukowa da shi daga yankunan In Salah da Adrar. Dukiyar da na zuba a ciki ba tawa ba ce ni kaɗai: akwai ta yayana, akwai ta wasu mutum biyu na Bakin Birji da suka ba ni amana. Domin haka na ga ya kamata in je da ƙafata in tsaya a kan kayan.

Ɗan Nijar ba ya shiga Aljeriya sai da biza, ba kamar yadda muka saba shiga Nijeriya ko Benin da katin shaida kawai ba. Na bi hanyar da ta dace, na nema a Agadas, aka ba ni ta kwana 30. A nan ne na yi kuskurena na farko, kuma ba wanda ya sa ni. Da aka tambaye ni tsawon zaman da nake so, sai na lissafa kwanakin da abokin cinikina ya faɗa mini, ban lissafa kwanakin da Sahara take ƙarawa a kan kowane alkawari ba. Wanda ya shekara 20 yana jiran manyan motoci a tasha bai kamata ya manta cewa «jibi» na direba mako biyu ne ba. Na shiga ta In Gezzam ran 5 ga Nuwamba, aka buga mini hatimi, kwanakina za su cika ran 4 ga Disamba.

Na sauka a unguwar Tahaggart, gidan wani dattijo Badamagare da ya fi shekara 30 a garin. Mako biyu suka wuce, dabino bai zo ba. Motar ta lalace a hanya, an gyara, ta sake lalacewa. Dattijon nan ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce: «Ɗana, ƙidaya kwanakinka. Nan ba a jiran ranar ƙarshe. Ana son mai neman ƙari ya kai buƙatarsa da sauran kwana 15.» Na ƙidaya, na ga gobe ne ranar. Da safe, Lahadi 19 ga Nuwamba, na tafi ofishin da ake kai irin wannan buƙata, da hotuna, da tambur, da takardar shaidar masauki, da wasiƙar abokin cinikina. Aka karɓi komai har da fasfo ɗina, aka ba ni wata ƴar takarda mai lamba da hatimi da kwanan wata, aka ce in riƙa leƙowa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da dokar can ta ce, domin ni ma sai daga baya na sa aka karanta mini ita da kyau. Doka ce mai lamba 08-11 ta ran 25 ga Yuni 2008, wadda ta tsara shigar baƙi da zamansu da zirga-zirgarsu a Aljeriya. Ta ce baƙo mai biza ba ya wuce kwana 90 a kowace shiga. Ta ce hukuma tana iya ƙara masa har kwana 90 in akwai dalili, amma ƙarin alfarma ce ba haƙƙi ba. Kuma jimillar zamansa ba ta wuce kwana 180 a shekara. Wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba, doka ta tanadar masa tara da ɗauri da kora. Abin lura a nan shi ne kalmar «tana iya». Wanda ya kai buƙata bai samu ba tukuna. Yana tsaye ne tsakanin ƙofa biyu, ta farko ta rufe, ta biyu ba ta buɗe ba.

Ran 4 ga Disamba ta zo ta wuce, ba amsa. Daga wannan rana duk abin da na mallaka a matsayin shaida shi ne ƴar takardar nan da ba ta kai tafin hannu ba. Na naɗe ta cikin leda na ɗaura a jikina kamar laya. Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Tun daga Disamba 2014 aka fara kwaso ƴan Nijar daga Aljeriya cikin jerin motoci bisa yarjejeniyar gwamnatocin biyu, kuma a ƙarshen 2017 kamen ya yi tsanani, ana tattaro baƙin Afirka daga biranen arewa ana kawo su Tamanrasat, daga nan a wuce da su iyaka. Wasu ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Asamaka. Ni da na shigo ta ƙofa, da biza, da dukiya a gari, na zama ina sanɗa in je masallaci in dawo, domin a ranar kame ba kowa ke da lokacin karanta ƙaramar takarda ba.

Daren Alhamis 7 ga Disamba, muna shan shayi a zaure, wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga Ollelewa. Ya ce: «Jikin Inna ya tashi. Mun kai ta likita, sun ce mu dawo da ita gida. Tana kiran sunanka.» Na bar ta da ciwon ƙafa da ƴar kasala irin ta tsufa, ta raka ni har bakin zaure tana yi mini addu'a. Na ce: «Yaya, gobe ina hanya.» Sai bayan na kashe waya na tuna cewa fasfo ɗina yana cikin aljihun teburin wani, kuma a Aljeriya ranakun hutun mako Juma'a ne da Asabar. Ba wanda zai buɗe wannan aljihu kafin safiyar Lahadi.

A daren nan ba mu yi barci ba, ni da mai masaukina. Hanyoyi uku ne a gabana, muka shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar hajja. Ta farko, in jira har a amsa buƙatata, abin da ba wanda ya san ranarsa. Ta biyu, in jira Lahadi in je in roƙi a mayar mini da fasfo, in janye buƙatar, in fita ta ƙofar da na shigo. Ta uku kuwa ita ce wadda kowa ya sani ba a faɗi da ƙarfi: akwai masu ƙananan motoci da ke tashi da dare, ba sa bin kwalta, suna kewaye shingen iyaka, su sauke mutum kusa da Asamaka. Wani saurayi a gidan ya ce ya san mai tashi gobe Juma'a bayan magariba. In na bi shi, da yardar Allah Talata ko Laraba ina gida. Na ce a je a kama mini wuri.

Dattijon ya bar saurayin ya fita, sa'an nan ya ce: «Ɗana, ba zan hana ka zuwa wurin mahaifiyarka ba, amma ka ji abin da za ka saya da abin da za ka sayar.» Ya lissafa mini. In na fita ta bayan gida, a littafin hukuma na shiga ban fita ba, kuma duk ranar da na sake neman biza wannan shafi ne za a buɗe. Fasfo ɗina zai zauna a can, ba mai karɓar mini shi. Dabinon da ke hanya da sunana aka rubuta shi, kuma mai suna in ya zama wanda ake nema, kayansa sun zama na Allah raba. Shi kansa da ya sa hannu a takardar masauki za a zo a tambaye shi ina baƙonsa. Bayan wannan duka akwai hanyar ita kanta. Ya tuna mini da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a arewa da Arlit, kusa da iyaka, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta gama da su. Ya ce: «Su ma an gaya musu kwana biyu ne.»

Na kawo maganar ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke garin, ko zan samu takardar wucewa in tafi da ita. Ya ce takardar ƙasarmu tana gaya wa ƙasarmu cewa kai ɗanta ne, ta karɓe ka. Ba ita ke goge abin da ke rubuce a littafin masu gida ba. Wanda ya ba ka izinin shiga shi ne mai sallamarka.

Da asuba na sake kiran yayana, na faɗa masa duka, ban ɓoye komai ba, har da cewa dukiyarsa tana cikin abin da zai salwanta. Ya ce dukiya ba magana ba ce. Ya shiga ɗaki, na ji yana yi mata bayani a hankali, na ji muryarta ƙasa-ƙasa ban gane abin da take cewa ba. Ya dawo ya ce: «Ta ce in gaya maka, ka zo mata da ƙafarka, kada a kawo mata labarinka.» Na aika aka ce wa mai mota ya ba wani wurin.

Juma'a da Asabar ɗin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina zaune a zaure, jakata a ɗaure, ina kallon rana tana hawa tana sauka a kan duwatsun Hoggar, ba abin da ke hannuna sai carbi da waya. Da magaribar Juma'a na ji tashin wata mota a bayan unguwa, ban sani ba ko ita ce, amma na tashi tsaye ban san na tashi ba.

Lahadi tun kafin a buɗe ƙofa ina bakin ofis. Mai masaukina ya sa na rubuta wasiƙa da Faransanci, kwafi biyu, ina cewa na janye buƙatar ƙarin kwana saboda rashin lafiyar mahaifiyata, ina roƙon a mayar mini da fasfo, kuma a shaida ranar da na kawo buƙatar. Ma'aikacin da na tarar, mutum ne mai furfura a gemu, ya karanta har ƙarshe, ya dube ni ya ce: «Alhaji, Allah ya ba ta lafiya.» Ya bayyana mini cewa takarduna ba sa wurinsa, sun tafi wani sashe domin bincike kamar na kowa, kuma ba zai iya ba ni abin da ba ya hannunsa ba. Na ga ya ɗauki waya ya yi magana mai tsawo da Larabci, sa'an nan ya ce in dawo gobe da hantsi. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Takarda tana tafiya da ƙafar takarda, kuma shi ya yi abin da bai zama dole a kansa ba. Litinin 11 ga wata ya miƙo mini fasfo, ya buga hatimi a kan kwafin wasiƙata, ya rubuta da hannunsa cewa an karɓi buƙatata ran 19 ga Nuwamba, kafin cikar kwanakina. Ya ce: «Kada ka rabu da wannan, kuma kada ka ƙara kwana a garin nan.»

Talata da sassafe na kama hanyar In Gezzam, kilomita kusan 400. Laraba na gabatar da kaina a shingen fita. Ɗan sandan ya buɗe fasfo, ya ƙidaya da yatsa, ya ce kwana 9 sun hau. Na miƙa masa ƴar takardar leda da wasiƙa mai hatimi. Aka zaunar da ni a benci, aka shiga da su ciki, aka yi waya, aka fito aka yi mini tambayoyi, aka sake shiga. Sai bayan azahar aka kira sunana, na ji ƙarar hatimi a kan tebur. Ban taɓa jin sautin da ya kai wannan daɗi da ɗaci a lokaci guda ba. Na kwana Asamaka, Alhamis muka yini cikin rairayi zuwa Arlit, Juma'a da safe muka kama hanyar Agadas, wadda masu bin ta a shekarun nan suka san yadda kwaltarta ta farfashe.

Muna tsakiyar hanya, inda waya ke kamawa tana saki, saƙon yayana ya shigo. Inna ta cika da asubar Juma'a, 15 ga Disamba, an yi mata sutura kafin a tafi masallaci. Na isa Bakin Birji ran Asabar da la'asar, na hau babur zuwa Ollelewa, na tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Yayana ya kama hannuna ya kai ni maƙabarta, ƙasar ba ta gama bushewa ba.

To, jama'a, ni mai lissafi ne, kuma wannan lissafi na yi shi ya fi sau dubu. Da na hau motar daren Juma'a, kuma da ta kai lafiya, da na same ta da rai, da kwana biyu ko uku a hannuna. Kwana huɗun da na zauna a Tamanrasat ina jiran ɗan littafi, su ne kwanakin da suka rage mini da mahaifiyata a duniya. Mutane sun yi ta ba ni haƙuri da cewa dabino ya iso a watan Janairu, kowa ya samu haƙƙinsa, mai masaukina bai shiga uku ba, kuma da na sake neman biza a shekarar da ta biyo aka ba ni ba tare da wata tambaya ba, saboda hatimin fitar nan. Duk gaskiya ne. Amma ba na yarda a ɗora waɗannan a ma'auni ɗaya da fuskar Inna, domin ba irin kaya ɗaya ba ne. Abin da ke kwantar mini da rai guda ɗaya ne: ita ta zaɓa, da hankalinta, kuma abin da ta roƙa na yi mata. Na zo da ƙafata. Ajali kuwa ba ya jiran hatimin kowa.

Inda nake ganin laifina ba a daren Alhamis ba ne, tun a Agadas ne, ranar da na nemi kwana 30 domin aikin da ke cin 60, na kuma bar tsohuwa mai shekaru sama da 80 ba tare da na tambayi kaina abin da zan yi in aka kira ni ba. Mai neman ƙarin kwana a ƙasar wani ya sani cewa ya ba da ƙafarsa jingina. Daga ranar da ya miƙa fasfo har ranar da aka mayar masa, ba shi da ikon cewa «gobe ina hanya».

Bayan abin da ya same ni na yi ta tambayar waɗanda suka san dokokin wasu ƙasashe, na tarar kowace da irin tata ƙa'ida, amma jijiyar ɗaya ce. A Ingila, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya ce wanda ya nemi ƙari kafin cikar kwanakinsa yana nan bisa izini har a yanke masa hukunci, amma ranar da ya bar ƙasar wannan izini ya faɗi, buƙatar kuma ana ɗaukarta kamar ya janye ta. A Amurka, dokar 1996 ta hana wanda ya wuce kwanakinsa da fiye da kwana 180 komawa har shekara 3, wanda ya wuce da shekara guda kuwa har shekara 10, ko da yake ba a lissafa wa mutum kwanakin da ya yi yana jiran amsar buƙatar da ya kai a kan lokaci. A ko'ina dai, abin da ke raba mai jiran amsa da mai zaman ɓoye shi ne shaidar ranar da ya kai buƙata da shaidar ranar da ya fita. Wanda ya ɓatar da su ya zama ɗaya da wanda bai taɓa nema ba.

Kada kuma wani ya ce wannan matsalar masu zuwa ƙasashen Larabawa da na Turawa ce kawai. Iyayenmu sun ga korar Gana ta Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita. Mu mun ga ta Nijeriya ta Janairu 1983, zamanin Shagari, shekara 4 kacal bayan yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar zama kwana 90 ba biza; mutane da yawa sun riƙe «ba biza» sun manta da «kwana 90». Ita kanta CEDEAO ƙasarmu ta fita daga cikinta ran 29 ga Janairu 2025. Ta arewa kuwa, masu ƙidayar waɗanda ake saukewa a Asamaka sun lissafa sama da mutum 30.000 a shekarar 2024 kaɗai. Zumuncin gwamnatoci yana hawa yana sauka kamar farashin gero, talaka kuwa ba abin da ke tsaya masa a bakin iyaka sai abin da ke rubuce a hannunsa.

Ga ƴan uwana ƴan kasuwa, abin da na gaya wa ɗan ƙanena shi zan maimaita. Ka nemi kwanakin da suka fi buƙatarka tun daga farko, domin rarar kwana ba ta cin kowa. In ƙari ya zama dole, ka kai buƙata da wuri, ka karɓi shaida mai hatimi da kwanan wata, ka yi kwafinta da na kowane shafi na fasfo ɗinka, ka ajiye ɗaya wurin mai masauki. Ka tambaya tun ranar, kafin wata larura ta taso, yadda ake janye buƙata da kwanakin da hakan ke ɗauka, ka kuma san ranakun hutun ƙasar da kake ciki. In tafiya ta kama ka amsa ba ta fito ba, kada ka sulale. Ka rubuta, ka sa a buga maka, ka fita ta ƙofa, ka adana takardun ko bayan shekaru, domin ranar da za a tambaye ka tana zuwa. Yaron ya bi wannan, ya iso gida lafiya, kuma shi bai tarar da tabarmi a ƙofa ba, alhamdu lillahi.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, ku da takardun mutane ke kwana a teburanku, ina da roƙo ɗaya. Mu ma ƙasar baƙi ce. Tun da aka buɗe matatar man SORAZ a cikin ƙaramar hukumarmu a watan Nuwamba 2011, muna ganin mutanen ƙasashe masu nisa suna wucewa ta Bakin Birji, kuma kasuwanninmu ba su taɓa rabuwa da baƙi ba. Kowane fasfo da ke cikin aljihun tebur, a Yamai ne ko a Damagaram, akwai mai shi yana zaune a wani zaure yana ƙidayar kwana, wataƙila kuma akwai wata tsohuwa a wani gari tana kiran sunansa. Mutumin nan mai furfura bai karya doka ba, bai karɓi ko dala daga hannuna ba. Waya ɗaya ya ɗauka, ya rage mini kwanakin da ban san adadinsu ba. Ba su isa ba, amma har yau ina sa shi cikin addu'a tare da ita.

Ƴar takardar nan tana nan cikin akwatina, a ledarta, hatimin ya fara kodewa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kai matafiya gida lafiya, ya sa mu fita duniya ta ƙofar da ta dace.

Ollelewa, gundumar Tanut.